Sunan da Aka Binne a Gidan Meliyo

Meliyo Lukumay mutum ne da ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Duk Monduli, a ƙasar Tanzaniya, an san shi da wannan hali tun yana malamin dabbobi, yana yawon rugage da akwatin allura a bayan babur. In ya ce saniya ba za ta shiga kasuwa ba, to ko ta ƙanin mahaifinsa ce ba za ta shiga ba. Da ya yi ritaya kowa ya ɗauka zai koma gindin itace ya riƙa shan shayi da sauran dattawa, sai ga shi ya samo wa kansa wani kiwon. Ɗansa Sanare ya bar masa tsohuwar kwamfuta, shi kuwa wata rana ya nemi bayanin ciwon huhun shanu a cikin kundin ilimin nan na intanet da ake rubutawa da Swahili, wanda kowa ke iya shiga ya gyara. Abin da ya tarar ɗan kaɗan ne, rabinsa kuma shirme. Ya zauna yana tsaki yana gyarawa har shayinsa ya huce, tun daga ranar bai ƙara barin wurin ba.

Aikin ba na albashi ba ne, masu yinsa ma ba su da yawa, kuma a warwatse suke. Akwai Bi Mwanaidi a Tanga, tsohuwar malamar makaranta mai kaifin harshe da sanyin zuciya. Akwai Kaijage, saurayi ɗan Bukoba da ke aiki a Dar es Salaam, wanda ya fi kowa yawan rubutu ya kuma fi kowa yawan musu. Da suka ga naci da gaskiyar Meliyo sai suka zaɓe shi cikin masu makulli, wato 'yan kaɗan ɗin da ke da ikon kulle shafi in rigima ta yi yawa a kansa, ko su sauya masa suna su hana a mayar. Cikin ɗan lokaci suka laƙaba masa Mzee Mai Makulli, wato Dattijo Mai Makulli. Ya nuna kamar bai ji daɗi ba, alhali har matarsa ya gaya wa.

Masu makulli suna da wata ƙa'ida: ba ka taɓa makullinka a kan abin da ya shafe ka. Shafin garinku ne ake rigima a kai, ko na ɗan'uwanka, ko wanda kai ma ka sa baki a gardamarsa, to ka koma gefe ka kira wani. Babu wanda ya riƙe wannan ƙa'ida da haƙori kamar Meliyo. Ya taɓa tsare Kaijage a gaban kowa don ya goge wata magana marar daɗi daga shafin makarantar da ya yi, har saurayin ya yi fushi ya ɓace na ɗan lokaci.

Meliyo yana da 'ya, ita ce ta fari. Ba za a ji sunanta a bakina ba, dalilin yana nan tafe. Tun tana ƙarama in akuya ta ɓalle ita ake turawa, domin babu yaron da ke cim mata a hawan tudun Monduli. Da ta girma ta zama mai gudun dogon zango, har ta je ƙasar maƙwabta ta ciwo wa Tanzaniya lambar yabo, jaridu suka buga hotonta da tuta a kafaɗa. Kaijage ne ya buɗe mata shafi a kundin, bai ma san 'yar wa ce ba. Ya yi kuskure ya ce a Arusha aka haife ta. Meliyo ya ga kuskuren, hannunsa ya yi ƙaiƙayi, amma bai taɓa ba. Shafin tattaunawa ya je ya rubuta cewa shi ne uban yarinyar, don haka ba zai gyara ba, amma a Monduli Juu aka haife ta, ga jaridar da ta faɗa. Sai da aka yi makonni kafin wani ya waiwayi maganar, shi kuwa yana ta cika yana batsewa a gida yana jira.

Shekarar da ruwan farko ya yi jinkiri zazzaɓi ya kama ta a sansanin horo. Kafin iyayenta su gama shirin tafiya aka bugo waya. Ta tafi ba aure ba ɗa.

A wajenmu, mu makiyayan Monduli, dattijon da ya bar 'ya'ya da jikoki sunansa yana tafiya tare da zuriyarsa. Amma wanda ya tafi da ƙuruciya bai bar baya ba, tare da sunansa ake binne shi. Ba a ƙara kiransa a gidan, kuma mai hankali ba ya furta shi a gaban danginsa, domin kamar ya tone kabarin ne ya bar shi a buɗe. Fasto ma ya san haka, ranar jana'iza ɗiyarmu ya riƙa cewa daga farko har ƙarshe. Abin bai tsaya kan yarinyar kaɗai ba. Nasieku, matar Meliyo, da sunan 'yar nan ake kiranta tun ranar da ta haife ta, Maman wance a kasuwa, Maman wance a coci, har mutane sun manta sunanta na yanka. Washegarin binnewa ta zama Maman Sanare. Sau da yawa akan kira ta da sabon sunan ba ta waiwayo ba, sai an taɓa kafaɗarta.

Bayan an share makoki Meliyo ya koma kan kwamfutarsa, sai ya tarar ana ta ja-in-ja a shafin 'yarsa. Wani marar rajista yana shigowa da waya yana goge sunan duk inda ya bayyana a cikin bayanin, yana sa ɗiyarmu a madadinsa. Kaijage yana mayar da shi yadda yake. Gobe a sake gogewa, a sake mayarwa. Sunan da ke can saman shafin ne kaɗai mai gogewar ya kasa taɓawa, don wannan sai mai rajista. Meliyo bai sha wahalar gane ko wane ne ba. Kullum da hantsi ake yi, bayan an gama tatsa, lokacin da Nasieku kan zauna bayan ɗakin girki da wayarta. Shekarun da ya yi yana surutun kundin nan a kanta, ashe tana kallon inda yake dannawa.

Ya same ta a can wata safiya, ƙwaryar nono a gefenta, ta sunkuya kan wayar tana goge harafi ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa.

"Maman Sanare, wahalar banza kike yi. Kafin rana ta take za su mayar."

Ba ta ɗago ba. "Su mayar, in sake gogewa. Ina da wani aikin ne?"

"Me ya kai ki wurin tun farko?"

"Ranar kasuwa wata malamar asibiti, baƙuwa ce daga Moshi, ta gane ni. Wai za ta yi mini ta'aziyya. Ta buɗe wayarta a tsakiyar masu wake da masu albasa, ta karanto shi da ƙarfi, har sau biyu, tana murmushi wai ga 'yarki duniya ta san ta." Ta ci gaba da gogewa. "Ba laifinta ba ne. Laifin waɗanda suka shanya shi a waje ne kamar wanki."

Meliyo ya tsuguna, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Baban Sanare," in ji ta, sai a lokacin ta dube shi, "ba kai ne mai makulli ba? Ka cika mana kunne da shi. Cire shi daga sama, ka sa 'yar Meliyo, ka kulle. Ka rufe mata asiri."

Aikin bai fi ƙiftawar ido ba, ya kuma san haka. Ranar ya buɗe kwamfutar ya kai hannu har inda ake dannawa, ya daɗe yana kallo, sannan ya rufe. Ya gaya mata ƙa'ida ta hana. Ta ce ƙa'idar wa, ta mutanen da ba su taɓa shan nonon gidan nan ba? Ya ce amana suka ba shi. Ta ɗauki ƙwaryarta ta shige, daga ranar abinci kawai take ajiye masa, ba magana.

Ana cikin haka Kaijage ya rubuta a shafin tattaunawa cewa ɓarnar ta isa, a kulle shafin. Meliyo ya amsa masa da cewa ba ɓarna ba ce, uwa ce, ya kuma nemi a duba yiwuwar sauya wa shafin suna. Ya rubuta doguwar magana a kan sunan ba tare da ya rubuta sunan ba ko sau ɗaya. Wasu suka goyi bayansa, wasu suka ce in aka buɗe wannan ƙofa ba mai iya rufe ta. Bi Mwanaidi ta karanta duka ta ce wannan ba maganar da za a gama da yatsa ba ce, tunda akwai taron masu gyara a Arusha ƙarshen wata, a bari a haɗu ido da ido.

Da ya gaya wa Nasieku, sai ta buɗe baki a karo na farko. "Da ni za a je."

An yi taron a ɗakin karatun wata makaranta, mutum bai fi a ƙirga da yatsu ba, ga butar shayi da tiren mandazi, fanken ƙasar, a kan tebur. Kafin su Meliyo su shigo Bi Mwanaidi tana ta tsokanar Kaijage.

"Kai ɗan Bukoba, ka taho tun daga Dar don kundin ilimi ko don mandazi? Wannan na nawa ke nan?"

"Haba Anti, kawo madogara. Wa ya gan ni?"

"Ga madogara nan a gemunka, sukari ne fal."

Dariyar ta yanke da Nasieku ta shigo a bayan mijinta, lulluɓe da shuɗin mayafi, kanta a aske, babu ko ɗan kunne ɗaya a jikinta, alamar makoki. Kowa ya miƙe. Kaijage ya goge bakinsa ya gaishe ta da hannu biyu, ya yi mata gaisuwar rashi, kunya ta rufe shi. Wata guda yana kokawa da wani mai ɓarna a ransa, sai ga tsohuwa sa'ar mahaifiyarsa.

Bi Mwanaidi ta ce a fara. Kaijage ya miƙe da takardarsa. "Maganar da ke gabanmu ita ce shafin..." Ya dubi Nasieku, ya tsaya. Ya sake ɗaukowa. "Shafin 'yar'uwarmu." Haka aka yi taron har ƙarshe, ana gardamar suna, ba wanda ya iya furta shi.

"Mama, ki gafarce ni," in ji shi, "da farko ban san ke ce ba. Amma ƙa'idarmu ita ce, shafi yana ɗaukar sunan da duniya ta san mutum da shi. Yarinya a Mtwara da ke son ta yi gudu, da wannan sunan za ta nema. In muka sa 'yar Meliyo, wa zai same ta? Kuma, Mzee, ka yi haƙuri, kai ba ka yi gudu ba. Ita ta yi, da ƙafafunta."

"Wannan gaskiya ne," in ji Meliyo. "Ko akuya ban taɓa kamawa ba."

"Ɗana," in ji Nasieku, ba ta ɗaga murya ba, "a ina ka samo sunan?"

"A jarida, Mama."

"To ni na aske mata gashin farko ranar da aka raɗa shi. Ni na fara kiranta da shi ta waiwayo. Da shi aka kira ni har na tsufa. Na haƙura da nawa rabon na binne, kai da ka tsince shi a jarida ka ce ba za ka haƙura ba?"

Kaijage ya zauna a hankali.

Meliyo ya miƙe ya faɗi hujjar matarsa tsaf, yadda ya yi mata alkawari. Ya bayyana al'adar, ya ce ba camfi ba ne, hanya ce da mutanenmu suka samo ta ɗaukar abin da ba ya ɗaukuwa. Ya ce kundin na masu jin Swahili ne duka, har da waɗanda ke binne suna. Ya yi maganar da kyau, har wasu suka fara gyaɗa kai. Da aka zagaya ra'ayi sai ɗakin ya rabu, ba ɓangaren da ya rinjaya.

Bi Mwanaidi ta cire tabarau ta dube shi. Ta daɗe da sanin mutumin nan, ta kuma lura da wani abu a cikin jawabinsa.

"Yaya Meliyo, ka ce al'ada ta ce, ka ce Maman Sanare ta ce. Ban ji ka ce na ce ba. Ajiye makullin a gefe, ba shi nake tambaya ba. Kai uban yarinyar, me kake so?"

"Muryata ba ta cikin lissafi. Abin ya shafe ni."

"Na san ƙa'ida, tare muka tsufa a kanta. Ba ƙirgawa zan yi ba, ji nake so in yi."

Ya dubi tebur, ya dubi butar shayi, ya dubi ko'ina ban da matarsa. Mutumin da bai taɓa yi wa mai saniya ƙarya ba, yau ya so ƙwarai a ce ya iya.

"A bar shi," in ji shi.

Nasieku ta juyo gaba ɗaya.

"A gidana babu inda ya rage," ya ci gaba. "Mun cire takardun yabonta daga bango. Rigar gudunta mai sunan a baya mun ba da ita. Daidai ne, haka aka yi wa ƙanena, haka za a yi wa na gaba. Amma kullum da safe nakan buɗe shafin nan in kalle shi. Ban taɓa furtawa ba, Allah ne shaidata, da ido kawai. Ranar da kika ce in cire, Maman Sanare, na ce miki ƙa'ida ce ta hana. Ƙa'idar tana nan, amma ko babu ita hannuna ba zai iya ba. In kuka cire shi ban san inda zan je in gan shi ba."

Ya zauna ya rufe fuskarsa da tafin hannu. Ba a saba ganin dattijon wajenmu yana kuka a gaban yara ba, don haka kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Bi Mwanaidi ta bari aka ɗan nisa, sannan ta yanke yadda aka saba: tunda ba a haɗu a kan sauyawa ba, suna yana nan yadda yake, kuma za a kulle shafin daga marasa rajista don ja-in-jar ta tsaya. Ita da kanta ta jawo kwamfuta ta danna. Ɗan hoton makulli ya fito a kusurwar sama.

Nasieku ta leƙa ta gani. "Wannan ni aka kulle wa?"

Bi Mwanaidi ba ta kauce ba. "Ke ce, 'yar'uwa. Ki yafe mana."

Nasieku ta gyara mayafinta ta fita, ba ta taɓa shayin da aka zuba mata ba.

A motar komawa Monduli kujera ɗaya suka zauna, kafaɗa na gugar kafaɗa, kowa na kallon gefensa. Haka aka shiga damina. Maganar ta kai kunnen 'yan'uwan Nasieku, babban wansu ya zo har gida ya gaya wa Meliyo cewa boko ya cinye masa kunya, ya tafi bai sha nono ba. Wasu dattawan suka rage zama kusa da shi a coci. Meliyo bai kare kansa ba. Ya ci gaba da gyaran shafukan cututtukan dabbobi da sunayen tsaunuka, yana kulle abin da ya kamata a kulle, sai dai tsakin nan nasa ya ragu ƙwarai.

Wata safiya bayan tatsa yana zaune a bakin ƙofa da wayarsa, sai ya ji ta tsaya a kansa. Ya yi sauri zai kife wayar.

"Bar shi," in ji ta. Ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna a gefensa, tana warin hayaƙi da nono. "Ban yafe maka ba, kada ka ɗauka na yafe. A gaban baƙi ka kunyata ni."

"Na sani."

"Me suka rubuta a ƙasa? Ni gogewa kawai na riƙa yi, ban taɓa tsayawa na karanta ba."

Ya miƙo wayar tsakaninsu. Kafin idonta ya sauka ta ɗora babban yatsanta a saman gilashin, ta danne sunan. Ƙarƙashin yatsan ga hoton yarinyar da tuta a kafaɗa, baki buɗe tana haki tana dariya.

"Karanta," in ji ta. "Inda ka zo wurin, ka tsallake."

Ya gyara tabarau ya fara. An haife ta a Monduli Juu. Ta fara gudu tun tana makarantar firamare. Duk inda ya iso sunan sai ya yi shiru na numfashi ɗaya, ita ma ta yi shiru tare da shi, sannan ya wuce. Da ya kai ƙarshe ta ce sun manta ba su sa cewa ba ta cin ƙwai ba. Ya ce wannan ba shi da madogara. Ta harare shi, ta ce ya sake daga farko.

Har yau haka suke yi in an gama tatsa. Sanare ya sha cewa zai saya wa mahaifinsa sabuwar waya, don saman gilashin wannan ya dushe da maiƙon nono, ko an goge ba ya fita. Meliyo ya ce a bar masa kayarsa.